Ajiyar Tsarin Aiki A Rumbu Ɗaya: Darasi Daga Alƙahira



Yau muna so mu yi magana a kan wani al'amari wanda in mutum ya ji shi da farko zai ce ai wannan zancen akawuna ne da 'yan boko, ba ruwan talaka da shi. Amma in ya yi haƙuri ya bi mu har ƙarshe, zai ga ashe da kuɗinsa a ciki, da mutuncin maƙwabcinsa. Maganar ita ce, takardun nan da a ke rubuta tsarin aiki a cikinsu, watau masu nuna abin da za a yi, da wanda zai yi shi, da ranar farawa da ta gamawa, da abin da za a kashe, a ina ya kamata su zauna? A hannun mutum ɗaya, ko kuwa a inda duk wanda aikin ya shafa zai iya dubawa?

Kowa a zango ya san yadda abin ya kan tafi. An tashi ƙara aji biyu a makaranta, ko haƙa rijiyar burtsatse, ko gyaran kwatar da ke cika da damina. An yi taro, an yi karo-karo, an naɗa kwamiti. A da magatakarda ke riƙe da littafi mai baƙin bango, yanzu kuwa sai a ce ga wani yaro ya iya kwamfuta, a bar masa. Yaron ya zauna ya tsara jadawali mai kyau, ya aika wa shugaba ta waya, ya aika wa ma'aji, ya aika wa injiniya. Ma'aji ya gyara lissafi a nasa, injiniya ya matsar da ranar zuba kankare a nasa, shugaba bai ko buɗe nasa ba. Kafin wata uku sai a tarar da fayil huɗu, kowanne an rubuta masa "na ƙarshe". Birkila ya zo da lebura ran Talata, mai kawo siminti kuwa an gaya masa Asabar. A biya lebura kuɗin zaman banza. Sa'an nan wata rana yaron ya sami hanya ya yi ƙasar waje da kwamfutarsa, ko ɓarawo ya ɗauke ta, shi ke nan ba wanda zai iya faɗin buhu nawa aka saya. Daga nan sai zargi. Mutum nawa na kirki aka ce sun ci kuɗin jama'a, alhali iyakar laifinsu takarda ce ta ɓace?

Wannan ciwo ba na ƙananan kwamitoci kaɗai ba ne. Manyan kamfanoni da gwamnatoci sun sha shi, su ne kuma suka nemo masa magani. Maganin shi ne a kwashe fayilolin nan duka daga kwamfutocin mutane a zuba su cikin wata babbar kwamfuta guda, wadda masu sana'ar ke kira saba. Mu a nan za mu kira ta rumbu, don aikinta ke nan. Kowa daga inda ya ke sai ya shiga ta intanet ko ta wayar ofis ya ga tsarin aikin, kuma abin da wannan ya gani shi wancan ya gani. Kamfanin Microsoft yana da irin wannan, sunansa Project Server. Akwai kuma Primavera, wanda kamfanin Oracle ya saya a 2008, 'yan kwangilar manyan gine-gine sun san shi ƙwarai.

To, mun zaɓi mu duba al'amarin ta wajen Alƙahira, babban birnin Masar, domin ba mu san wani gari a Afirka da ya kai shi daɗewa da sha'anin takarda ba, kuma mutanensa sun ga amfanin tara takardu wuri ɗaya, sun kuma ga masifarsa.

YADDA MUTANEN MASAR SUKA FARA

A 1828 Muhammadu Ali Basha, mai mulkin Masar a lokacin, ya kafa gidan ajiyar takardun hukuma a cikin ganuwar Salahuddini da ke bisa dutse a Alƙahira, aka sa masa suna Daftarkhana, watau gidan littattafan lissafi. Nufinsa shi ne takardun gwamnati su daina zama kayan akawun da ya rubuta su, su zama na hukuma. A 1870 kuma, zamanin Hidiwi Isma'ila, wani injiniya mai suna Ali Basha Mubarak, wanda ke kula da sha'anin ilmi, ya sa aka kafa Darul Kutub. Aka bi masallatai da makarantu aka tattaro littattafan hannu da ke warwatse, waɗanda wasu ke lalacewa wasu ke salwanta, aka tara su a gida ɗaya, aka yi musu rajista. Da ba a yi haka ba, da yawa daga cikin littattafan da malamai ke zuwa dubawa a can yau da ba su kawo yanzu ba.

Jikokinsu ma hanyar suka bi, sai dai da kayan zamani. A watan Maris 2015 gwamnatin Masar ta ba da sanarwa za ta gina sabon birnin mulki a hamada, wajen kilomita 45 gabas da Alƙahira. A 2023 ma'aikatu suka ƙaura can, kuma kafin ƙaurar an yi ta ɗaukar hoton tsofaffin takardu ana sa su cikin kwamfuta, da nufin ma'aikata su rage aiki da takarda. A watan Afrilu 2024 shugaban ƙasar, Abdulfatah Sisi, ya buɗe wata babbar cibiyar ajiyar bayanan gwamnati a kan hanyar Ainus Sukhna. Ashe abin da Muhammadu Ali ya yi da akwatuna da kantoci, shi a ke yi yau da na'ura.

RA'AYINMU

Mu dai a ganinmu wannan hanya ita ce daidai, kuma duk mai riƙe da aikin da ba nasa shi kaɗai ba ya kamata ya bi ta. Ga dalilanmu.

Na farko, a rumbu fayil ɗaya ne. A Project Server, in mutum zai gyara tsarin aiki sai ya fitar da shi da sunansa, kamar yadda a ke aron littafi a laburare. Muddin yana hannunsa sauran jama'a suna iya karantawa, amma ba mai iya taɓawa sai ya mayar. Bayan haka ma gyaran da ya yi ba ya bayyana ga kowa sai ya danna umurnin bayyanawa. Ta haka mutum biyu ba su gyara abu ɗaya a lokaci ɗaya, balle a sami "na ƙarshe" huɗu.

Na biyu, ma'aikata da kayan aiki su ma a jeri ɗaya a ke rubuta su. A ce kamfani yana da injin kwaɓa siminti guda, ga gini uku yana yi. In kowane shugaban gini yana riƙe da fayilinsa, kowannensu zai rubuta injin nan a mako ɗaya, ba wanda zai sani sai ranar ta zo an kama faɗa. In kuwa a rumbu ne, tun ran da na biyu ya rubuta za a ga an ɗora wa injin abin da ya fi ƙarfinsa. Haka injiniyan da aka rubuta masa aikin sa'a 16 a yini ɗaya.

Na uku, rumbu ba ya mantuwa. A kan ajiye tsarin farko da aka amince da shi kamar tudun dafawa, sa'an nan kullum a gwada shi da inda aiki ya ke. In an ce za a gama rufi ran 10 ga wata, aka kai 25 ba a gama ba, ba sai an yi rantsuwa ba, ga shi a rubuce. Wannan kariya ce ga mai gaskiya, don mai gaskiya shi ya fi kowa bukatar shaida.

AMMA FA TARAWA KAƊAI BA TA ISA

Duk wanda ya san Alƙahira ya san Mujamma'a, ƙaton ginin nan mai hawa 14 da ke bakin dandalin Tahrir, wanda aka gama a farkon shekarun 1950. Ma'anar sunan ma ita ce matattara. An gina shi da kyakkyawar niyya, watau a tara ofisoshin gwamnati wuri ɗaya, don kada talaka ya yi ta yawo a gari neman sa hannu. Amma da tafiya ta yi tafiya sai sunansa ya zama abin misali wajen ɓata lokaci: a tura ka wannan taga, daga nan a ce hau bene, ka hau a ce dawo gobe. Har wasan kwaikwayo aka yi a kansa a 1992, wanda Adil Imam ya fito a matsayin uba da ya je neman a sauya wa 'ya'yansa makaranta, ya yi ta jeka ka dawo har haƙurinsa ya ƙare. A 2021 aka gama kwashe ma'aikata daga ginin.

Abin lura a nan shi ne, in an kwashi hargitsi aka kai rumbu, to, an sami hargitsi ne a wuri ɗaya. Masu wannan aiki sun san ramukan da a ke faɗawa, bari mu ambaci kaɗan.

Akwai kalanda. Microsoft Project in ba a gaya masa kome ba, ɗauka ya ke yi ana aiki daga Littinin zuwa Jumma'a, sa'a 8 a yini, a huta Asabar da Lahadi. A Masar kuwa ofisoshin gwamnati daga Lahadi zuwa Alhamis su ke aiki, su huta Jumma'a da Asabar. In wani ya gyara kalandar fayilinsa wani bai gyara ba, ran da aka haɗa su a rumbu sai ranaku su zame, a ga an sa zuba kankare ran Jumma'a, an bar Lahadi fayau. Ga kuma hutun salla, wanda kowace shekara ya kan matso da wajen kwana 11, ga rage sa'o'in aiki da azumi. Mu ma a nan muna da namu ranakun, ranar kasuwa da lokacin da ruwa ke hana aiki. Sai an zauna an yarda da kalanda ɗaya tukuna a fara kwasa.

Akwai sunaye. Mutum ɗaya, wannan ya rubuta shi Muhammadu, wancan Mamman, na uku ya sa harafin farko kawai da sunan uba. Rumbu ba shi da wayon gane cewa mutum ɗaya ne, sai ya ɗauka mutum uku ne, kowanne da ɗan aiki kaɗan, alhali bawan Allah yana can ya rasa barci. Dole a tsefe sunayen nan ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai gundura, shi ya sa a ke gudunsa, amma ba a fafe gora ran tafiya.

Akwai kuma matattun fayiloli. Kada a ce don rumbu yana da faɗi a zuba masa kome. Kowane aiki a tambayi mai shi, wanne ne na gaskiya a cikin fayilolin nan? Shi kaɗai za a ɗauka. Sauran a ajiye su gefe da alamar cewa tsofaffi ne. A kuma fara da aiki ɗaya ƙarami a gwada, a gwama ranakunsa da kuɗinsa kafin kwasa da bayan kwasa, in sun yi daidai sa'an nan a ci gaba. Ran da aka gama kuwa a yanke rana, a ce daga yau duk gyaran da ba a rumbu aka yi shi ba, ba a san da shi ba. In ba a yi wannan ba, mutane za su ci gaba da riƙon nasu a ɓoye, rumbu ya zama fayil na biyar.

IN RUMBU YA KAMA WUTA FA?

Wannan ita ce tambayar da dattawa su kan yi, kuma suna da gaskiya. Alƙahira ta amsa musu har sau uku a zamaninmu.

Ran 28 ga Janairu 2011, lokacin boren da ya kawar da Husni Mubarak, hukuma ta sa aka yanke intanet a kusan duk ƙasar, ba a maido ba sai ran 2 ga Fabrairu. Duk wanda takardunsa ke wani rumbu mai nisa, kwana biyar ba shi da hanyar kaiwa gare su.

Ran 17 ga Disamba na wannan shekara, wuta ta cinye ginin cibiyar ilmin nan ta Masar da ke kusa da dandalin Tahrir, wadda asalinta Napoliyon ya kafa a 1798. Dubban littattafai da taswirori suka ƙone, mutane suka yi ta tsamo gutsattsarin takardu daga toka da hannu. Abin da ke da kofi a wani wuri an same shi, wanda ba shi da shi ya tafi ke nan.

Ran 7 ga Yuli 2025 kuma gobara ta tashi a babban gidan wayar Ramsis da ke tsakiyar birnin, inda wayoyin sadarwa masu yawa ke haɗuwa. Ma'aikata huɗu suka rasu. Waya da intanet suka rikice a wurare da dama, na'urorin cirar kuɗi suka tsaya, washegari kasuwar hannun jari ba ta yi ciniki ba. Gini ɗaya ne ya ƙone, amma ƙasa duka ta ji a jikinta.

Kada wani ya ce ai Masar da nisa. A Oktoba 2009 wuta ta cinye ginin ma'aikatar harkokin waje a Ankara, babban birnin Gana, da takardu masu yawa a ciki. Ga kuma ɗaukewar wutar lantarki, wadda ba sai mun ba kowa labarinta ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Shin wannan ya rushe maganarmu? A'a. Kwamfutar mutum ɗaya ma tana ƙonewa, ana sace ta, tana faɗawa ruwa, kuma ita ba wanda ke tuna ya yi mata kofi. Abin da gobarar nan ke koya mana shi ne, wurin gyara ya zama ɗaya, wurin ajiya kuwa ya fi ɗaya. A riƙa ɗaukar kofin rumbu a kan lokaci, a ajiye shi a wani gini dabam, ba a ɗaki ɗaya da rumbun ba. A kuma riƙa gwada buɗe kofin lokaci lokaci, don an sha samun waɗanda suka yi shekara suna ajiye kofi, ran bukata aka buɗe aka tarar ba kome a ciki.

Har wa yau, in rumbun na haya ne a hannun wani kamfani, a tuna zanen aro ba ya rufe katara. A 2025 Microsoft ya sanar da cewa zai rufe Project Online, watau irin rumbun nan nasa da a ke haya ta intanet, a ƙarshen Satumba 2026, duk masu ajiya a ciki aka ce su nemi inda za su koma. Saboda haka tun ran shiga a tambayi hanyar fita: in mun tashi, ta yaya za mu kwashe kayanmu, kuma a wace siffa za a ba mu su?

WA KE RIƘE DA MAKULLI?

Saura magana ɗaya, ita ce mafi nauyi a wurinmu. Wanda ke riƙe da kalmar sirrin rumbu, shi ke riƙe da aikin. In aka kwashe takardu daga hannun mutum biyar aka damƙa wa mutum ɗaya makulli, ba a yi gyara ba, an ƙara ɓarna ne. Rumbu a buɗe shi da sunan ƙungiya ko kamfani, kada a buɗe da lambar wayar wani yaro ko imel ɗinsa. Masu iko da shi su zama biyu ko uku, a rubuta sunayensu a littafin taro. Kowa a ba shi iko gwargwadon aikinsa, watau ma'aji ya gyara lissafi, injiniya ya gyara ranaku, sauran su karanta. Wanda ya bar aiki a rufe ƙofarsa a ranar, ba don an zarge shi ba, don ƙa'ida ce a kan kowa.

Mun kuma san akwai waɗanda ba su so a yi haka, kuma ba dukansu ne marasa gaskiya ba. Wani kunya ya ke ji a ga aikinsa ya yi latti. Wani gani ya ke yi fayilin nan shi ne darajarsa, in kowa ya gani me zai sa a neme shi? Irin waɗannan lallashi ya kamace su, a nuna musu cewa lattin da aka gani da wuri taimako a ke kawo masa, wanda aka ɓoye shi ke zama abin kunya. Shugabanni kuma su yi hattara, in suka mai da rumbu bulalar dukan na ƙasa, to, kowa zai riƙa rubuta ƙarya a ciki don ya tsira, sai a koma gidan jiya.

Dattawan da suka ba da kuɗinsu amma ba su taɓa kwamfuta fa? Su ma suna da hakki. Kowane wata a buga jadawalin a takarda, a sa kwanan wata, shugaba da ma'aji su sa hannu, a manna a inda jama'a ke taruwa, a kuma karanta shi da Hausa a wurin taro. Wannan takarda ita ma kofi ce, kuma ba ta bukatar lantarki.

Ba muna cewa kwamitin gyaran kwata ya je ya sayi Primavera ba. Wannan kayan manyan kamfanoni ne, da tsada, da wuyar koyo. Ƙaramin aiki ya ishe shi a buɗe jaka ɗaya ta tarayya a irin su Google Drive, wanda ke ba da wurin ajiya na gigabait 15 kyauta, yana kuma nuna wanda ya yi gyara da ranar da ya yi. Ƙa'idar dai ɗaya ce, ko a sabon birnin Masar ko a lungun zango.

Don haka muna roƙon kowane kwamiti da ke riƙe da kuɗin jama'a a yanzu, da samarinmu da ke aiki a kamfanonin gini da ofisoshi, a taro na gaba a yi tambayoyin nan a fili: tsarin aikinmu a kwamfutar wa ya ke? In ya yi tafiya gobe, wa zai buɗe? Kofinsa yana ina, yaushe aka gwada shi? In an rasa mai amsawa, to, kada a tashi taron sai an sa ranar kwasa, an kuma naɗa waɗanda za su yi ta.

Iyakar abin da muka ga ya kamata mu faɗa ke nan. Wanda ya ga inda muka kuskure, ko ya taɓa yin irin wannan kwasa a wurin aikinsa, ya rubuto mana, za mu buga don kowa ya ƙaru. Allah ya sa mu dace.